Tambaya da Amsa: Idan Kwamfuta Ta Ƙi Cire Manhaja

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai wata manhajar gyaran hoto da na daina amfani da ita. Da wurin ajiya ya yi mini kaɗan a kwamfuta, sai na shiga foldarta na goge ta gaba ɗaya. Yanzu sunanta yana nan daram a jerin manhajoji, in na latsa Uninstall sai a ce ba a ga fayil ɗin ba. Ina mafita? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Goge foldar nan shi ne ya jawo. Galibi Windows ba ta cire manhaja da hannunta. Ranar da aka girka manhaja, takan ajiye wani ɗan fayil wanda aikinsa kawai ya kwashe ta in an gama da ita, sannan ta rubuta adireshinsa a rajistar Windows, wato kundin da Windows ke ajiye saituna da bayanan manhajoji. Jerin da kake gani daga rajistar ake karanto shi. In ka latsa Uninstall, sai Windows ta bi adireshin ta kira ɗan fayil ɗin, sau da yawa sunansa unins000.exe ko uninstall.exe, kuma a cikin foldar manhajar yake zama. Kai kuwa ka haɗa da shi ka share. Shi ya sa take zuwa ta tarar da kango.

Fara da duba kwandon shara, wato Recycle Bin. In foldar tana ciki, danna mata dama ka zaɓi Restore, ka koma ka cire ta yadda ya kamata. In ka riga ka zubar da kwandon, sake girka manhajar, iri ɗaya da wadda ka goge kuma a wuri ɗaya. Abin zai yi maka banbaraƙwai, a ce ka saka abin da kake son rabuwa da shi, amma sabon girkin ne zai mayar da fayil ɗin cirewa ya gyara adireshin. Daga nan ka latsa maɓallin Windows da R tare, ka rubuta appwiz.cpl, ka cire ta daga jerin da zai buɗe.

In manhajar ba ta samuwa kuma, sai a goge sunan daga rajista. Kafin ka taɓa komai, nemi Create a restore point a akwatin bincike ka ajiye wurin komawa. Sannan Windows da R, ka rubuta regedit, ka bi wannan hanya:

HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Uninstall

Za ka ga rassa da yawa, wasu da suna, wasu da dogayen lambobi. Riƙa latsa su ɗaya bayan ɗaya kana duba layin DisplayName a ɓangaren dama har ka ga sunan manhajarka. In ba ta nan, bi wannan hanyar dai a ƙarƙashin SOFTWARE\WOW6432Node, inda manhajoji masu bit 32 ke rubuta kansu, ko kuma wannan hanyar dai a ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER. Da ka same ta, danna dama ka yi Export don ajiye kwafi, sannan ka goge wannan reshe shi kaɗai. Kar hannu ya zarce ka ce bari ka share wasu da ba ka gane ba, garin neman gira a rasa ido. Ka kuma sani wannan sunan kawai yake cirewa. Tarkacen da manhajar ta bari a foldojin ProgramData da AppData sai ka bi su da kanka.

Tambaya: Duk manhajar da na yi niyyar cirewa sai a ce in jira a gama cire wata. Alhali babu abin da nake cirewa. Kwana biyu ke nan, kuma kullum da dare ina kashe kwamfutar. Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, da yawan manhajoji ta hannun wata hidima mai suna Windows Installer ake saka su ake cire su, ita kuwa aiki ɗaya take karɓa a lokaci guda. In wani aiki ya maƙale, ko sabuntawar Windows tana gudana a ɓoye, duk wanda ya zo bayansa sai ya tsaya a layi. Lambar wannan kuskure 1618.

Kashewar da kike yi da dare mai yiwuwa ba ta warware komai. Windows 10 da 11 suna da wani tsari na saurin tashi, Fast Startup, wanda ke sa in an zaɓi Shut down kwamfutar ta adana zuciyar tsarin a faifai ta ɗauko shi yadda yake da safe. Restart ne ke tashi daga tushe. To ki yi Restart, ki ba ta kamar minti goma, ki leƙa Windows Update ki tabbata babu abin da ake saukewa ko girkawa. In har yanzu saƙon na nan, latsa Ctrl, Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, ki shiga shafin Details, ki nemi msiexec.exe, wato fayil ɗin da ke gudanar da Windows Installer. Ki kalle shi na 'yan mintuna. In yana motsa furosesa ko faifai, aiki yake yi, ƙyale shi, don yanke shi a tsakiya kan bar manhaja rabi a ciki rabi a waje. In ya tsaya cik a sifili, ki rufe shi ki sake gwadawa.

Tambaya: Na yi amfani da wata manhajar share tarkace, na samu wuri sosai. Tun daga ranar, in zan cire wasu manhajoji sai taga ta fito tana neman in nuna mata wani fayil mai ƙarshen .msi. Ni ban san inda yake ba.

Amsa: Alama ce ta an taɓa C:\Windows\Installer. Folda ce ɓoyayya, takan yi girma har gigabait da dama, shi ya sa masu neman wuri suke sa mata ido. A ciki Windows ke ajiye kwafin fayil ɗin girki na kowace manhaja da ta shigo ta Windows Installer, kuma da shi take sanin abin da za ta kwashe. In ya ɓace sai ka ga kuskure 1612 ko wannan taga da ka ambata. Ba a kwafo foldar daga wata kwamfuta, don sunayen fayilolin da ke ciki sun bambanta daga na'ura zuwa na'ura.

Nemo fayil ɗin girki na asali, mai lambar sigar da ke kan kwamfutarka daidai, ka latsa Browse ka nuna shi. In sigar ta bambanta, za a ƙi karɓa. Lambar sigar tana jerin appwiz.cpl. In hakan ya gagara, Microsoft tana da ɗan kayan gyara mai suna Program Install and Uninstall troubleshooter, wanda ke gyara rajistar da ta lalace ya cire manhajar da ƙarfi. A Windows 10 yana aiki sosai. A Windows 11 kamfanin ya fara janye irin waɗannan tsofaffin kayan gyara.

Tun da muna kan lambobi: 2502 da 2503 galibi matsalar izini ce a kan C:\Windows\Temp, kuma buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni, da ikon mai gudanarwa (Run as administrator) a yi cirewar daga can yakan wadatar. Ita 1603 ba ta faɗin komai sai cewa aiki ya rushe. Don gano dalilin, ɗauko doguwar lambar manhajar daga layin UninstallString a rajista, ka rubuta msiexec /x, ka bi shi da lambar, sannan /L*v C:\rahoto.txt. Buɗe rahoton ka nemi kalmomin Return value 3. Layukan da ke sama da su kaɗan su ne ke nuna fayil ko iznin da ya hana.

Tambaya: Manhajar riga-kafin bairos da ta zo da kwamfutata wa'adinta ya ƙare, tana ta damuna da saƙonni, kuma ta ƙi fita. Wani ya ce in shiga Safe Mode, na shiga, can ma aka ce ba a iya kaiwa ga Windows Installer.

Amsa: Irin waɗannan manhajoji da gangan aka yi su da taurin kai, don kar bairos ya kashe su. Suna da direbobi da ke tashi tun kafin ka ga allon shiga, da kuma kariyar kai da ke hana a taɓa fayilolinsu. Shiga saitunanta ka kashe kariyar kai, sannan ka gwada cirewa ta hanyar da aka saba. In ta ƙi, kusan kowane kamfani yana da kayan cirewa nasa: McAfee na da MCPR, Norton na da Remove and Reinstall, Kaspersky na da kavremover, Avast na da Avast Clear. Daga shafin kamfanin kaɗai za ka sauke, don ana yawan ɓoye mugun abu da irin waɗannan sunaye.

Saƙon da ka gani a Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwa kaɗai, ba lalacewa ba ce. Windows Installer ba ta cikin hidimomin da ke tashi a can. In kana son tilasta ta, buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa ka rubuta waɗannan layuka biyu:

REG ADD "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\SafeBoot\Minimal\MSIServer" /VE /T REG_SZ /F /D "Service"

net start msiserver

Ga wanda bai san hanyar shiga ba: riƙe Shift ka latsa Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ka sake Restart, ka latsa 4. In faifanka a kulle yake da BitLocker, tanadi mabuɗin ceto mai lambobi 48 tukuna, don ana iya tambayarsa. Bayan riga-kafin ya fita, sake kunna kwamfutar. Microsoft Defender, riga-kafin da ke zuwa da Windows, zai karɓi gadi da kansa, amma leƙa Windows Security ka tabbatar.

Tambaya: Na cire wata manhaja mai turo tallace-tallace har sau uku, kowace safiya sai in tarar ta dawo. Wata kuma maɓallinta na Uninstall a dishe yake, ba ya latsuwa.

Amsa: Ta farkon an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Akwai abin da ke sake girka ta. Latsa Windows da R ka rubuta taskschd.msc, ka bi ayyukan da aka tsara kana duba shafin Actions na kowanne. Wanda ke kiran fayil mai baƙon suna daga AppData ko Temp, dakatar da shi. Duba shafin Startup a Task Manager, da ƙare-ƙaren da ke cikin burauzarka, wato extensions. Sannan ka jera manhajoji bisa ranar girkawa, don irin wannan ba ta zuwa ita kaɗai. Duk abin da ya shigo rana ɗaya da ita abin tuhuma ne. Ka ƙarasa da Microsoft Defender Offline scan, wanda ke sake kunna kwamfutar ya yi bincike kafin Windows ta gama tashi, kamar minti 15.

Maɓalli dishi-dishi kuwa, ko dai manhajar ɓangare ce ta Windows, ko kwamfutar ta wurin aiki ce ko makaranta da masu kula suka kulle. In ta ƙarshen ce, su za ka yi wa magana. In taka ce, tabbatar asusunka na mai gudanarwa ne, ka buɗe Terminal ko Command Prompt, ka rubuta winget list don ganin ainihin sunanta, sannan winget uninstall da sunan a tsakanin alamomin zance. In nan ma aka ƙi, kuma ta Windows ce, a ganinmu cire alamarta daga Start ka bar ta ya fi, don 'yan megabait ɗin da za ka samu ba su kai wahalar gyaran abin da zai lalace ba.