Huji a Zuciya da Shanyewar Ɓarin Jiki: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, maigidana shekararsa 41, ba shi da hawan jini ko ciwon suga, amma ɓarin jikinsa ya shanye bara. Yanzu an ce yana da huji a zuciya. Mene ne haɗinsu?

Amsa: Allah Ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Kowane jariri yana da wata 'yar ƙofa tsakanin ɗakunan sama biyu na zuciyarsa tun yana ciki, saboda huhunsa bai fara aiki ba. Bayan haihuwa takan rufe, amma a kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba ta rufewa sosai, kuma yawancinsu har su tsufa ba ta dame su ba. Haɗarin shi ne gudan jinin da ya taso daga jijiyar ƙafa, wanda da a huhu zai tsaya, ya kutsa ta nan ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Ana tabbatarwa da hoton zuciya: a yi allurar ruwan gishiri mai kumfa, idan aka ga kumfar ta tsallaka zuwa ɓangaren hagu na zuciyar, to ƙofar a buɗe take.

Tambaya: Ni ma haka aka ce mini. Shin sai an tsaga ƙirji kafin a toshe?

Amsa: A'a, Malam. Siririn bututu ake zurawa ta jijiyar matsematsi har zuciya, a buɗe wani ɗan faifai mai fuska biyu ya matse hujin, sannan nama ya rufe shi a hankali. Likitoci sun daɗe suna saɓani a kan amfaninsa, sai a 2017 manyan bincike uku, ɗaya daga Faransa, suka nuna cewa ga 'yan ƙasa da shekara 60 da ba a gano wani dalilin shanyewarsu ba, toshewa tare da magani irin asfirin ta fi magani kaɗai hana maimaituwa. Wasu kan samu rikicewar bugun zuciya bayan aikin, galibi na ɗan lokaci, kuma ina roƙonka kada ka ajiye maganinka don an toshe.

Tambaya: Mahaifina shekararsa 72, yana da hawan jini, an ga hujin bayan ya shanye. A toshe masa?

Amsa: A irin shekarun Baba, hawan jinin nake fara zargi, domin shi ne kan gaba wajen shanyar da mutanenmu, hujin kuwa wataƙila tsintarsa kawai aka yi. Ku riƙa auna masa jini, a rage gishiri a miya, kuma likitan zuciya ya duba ko bugun zuciyarsa daidai yake.