Taurin karanshaf a fata yake

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa magagari ke zamewa a kan karanshaf ɗin da aka kawo mana jiya, wato sandar ƙarfen nan da fistin ke juyawa a cikin injin mota, amma yana cin wancan da aka gurza a nan Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. Ajiye sifana ka ji.

Taurin nan a fata yake, cikin ƙarfen da sauran laushi, shi ya sa ba ya karyewa. A masana'anta ana rufe irin wannan karanshaf a tanderu, a hura masa iskar amoniya, zafi wajen digiri 500 zuwa 550. Amoniyar ta rabu, naitirojin ya kutsa cikin ƙarfen ya haɗu da kuromiyam ko alminiyam da ke ciki, wurin ya taurare. Ba a tsoma shi a ruwa ko mai yadda maƙera ke yi wa gatari, don haka ba ya lanƙwashewa. Sai dai akwai jira. Ƙarfe ya kwana biyu a wuta, fatar da ƙyar ta kai rabin milimita.

Wannan jiran ne ya sa injiniyoyi, musamman a Sin, suka fara zuba ɗan siriyam ko lantanam cikin aikin. Suna cikin ma'adinai 17 da ake ce wa masu wuyar samu, ko da yake siriyam na aljihun duk mai laita, a ƙanƙarar da ke ba da tartsatsi. Ƙwayar zarrarsu ta fi ta ƙarfe girma nesa ba kusa ba. In ta samu wuri a saman ƙarfen sai ta takura na kusa da ita, hanyoyi su buɗe, naitirojin ya shiga da sauri ya ƙara nisa. Suna kuma kama iskar oksijin da ke tare ƙofa. Amma ɗan kaɗan ake sawa, in ya yi yawa su da kansu suke toshe hanyar. Kuma ba sa mai da ƙarfen banza na kirki.

To, wancan da magagari ke ci, an gurza shi an sake gurzawa har fatar ta tafi. Yana sheƙi, mai mota ya yi murna, ba a jima ba zai dawo yana cewa mun cuce shi. Saboda haka kafin ka kai karanshaf wajen gurza, ɗauko ma'auni ka duba nawa aka riga aka ci. Walda kuwa kar ka kusance shi da ita, naitirojin zai huda maka ɗinkin.