Cin amana ya fi hassada ɓarna

Ɗan'uwa, ka tambayi mugun halin da ya fi cutar da mu yanzu, ka ce hassada. Ni cin amana na gani, musamman nan Legas.

Leƙa kasuwar Mile 12 da asuba, ana sauke kwandunan tumatir. Manomi yana can Kadawa a jihar Kano, babu takarda, sai dillali ya bugo waya ya ce kaza aka sayar. In ya ce rabin kayan ya ruɓe a hanya, alhali lafiya lau ya iso, wa zai ƙaryata shi? Baɗi manomin ba zai ba da kaya ba sai ya ga kuɗi a hannu, har dillalai masu gaskiya su rasa kaya. Haka adashin mata ke watsewa a Agege in uwar adashi ta kashe waya.