Hukuncin Dogaro Da Gwajin Jini Na Gaggawa A Ƙofar Babban Taro

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina cikin kwamitin shirya wani taron addini da ke tara dubban mutane, kuma ana fama da cutar numfashi mai yaɗuwa a garinmu. An kawo mana kayan gwajin ɗigon jini, aka ce a gwada kowa a ƙofa, wanda ya fito ba komai ya shiga, wanda aka ga alama a mayar da shi. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hana mai cuta mai yaɗuwa shiga jama'a yana da tushe. A Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya aika wa kuturun da ke cikin tawagar Saƙifa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. A Muwaɗɗa kuma Sayyidina Umar ya ga wata mai kuturta tana ɗawafi, ya ce ta zauna a gida kada ta cutar da mutane. Matsalar ku tana ga ma'aunin da kuka zaɓa.

Wannan gwaji ba ƙwayar cutar yake nema ba. Yana neman garkuwar da jiki ke haɗawa ne, wato IgM da IgG, kuma a cuta irin korona sai bayan mako ɗaya zuwa uku suke bayyana a jini. Wanda ya kamu 'yan kwanakin nan, yana kan ganiyar yaɗa ta, zai fito ba komai, ku buɗe masa ƙofa ya zauna cikin sahu. Wanda ya warke watanni da suka wuce, ko ya yi allurar rigakafi, shi zai iya nuna layi biyu, wato alamar da kuke ɗauka ta cuta, ku kore shi. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a watan Afrilun 2020 cewa kada a mai da irin wannan gwaji takardar shaidar lafiya. Mu ma mun san gwajin Widal na taifot, yadda yake nuna cuta ga wanda ba shi da ita.

Ku yi lissafi. A ce mutum 10,000 suka zo, kayan kuma suna kuskure a kan biyar cikin ɗari na masu lafiya. Kusan mutum 500 za a tozarta a bainar jama'a ba dalili. Wannan idan an bi ƙa'ida ke nan: a ajiye kayan ƙasa da digiri 30, ba a bayan mota cikin rana ba, a ɗiga ruwan haɗi daidai adadin da aka rubuta, a karanta cikin minti 10 zuwa 15, a zubar da duk wanda layin C, mai nuna cewa gwajin ya yi aiki, bai fito ba. A cunkoson ƙofa da wuya a kiyaye waɗannan.

Malaman fiƙihu sun ce ba a lura da zaton da kuskurensa ya bayyana. Don haka bai halatta ku sanya wannan gwaji shi kaɗai ya zama mai bari da hanawa ba, domin ya haɗa cuta biyu: ruɗin jama'a cewa sun tsira, da zaluntar mai lafiya. Kashe kuɗin sadaka a kansa bayan an san haka almubazzaranci ne.

Ku nemi jami'an lafiya na jiharku su jagoranci aikin. Idan sun ga bukatar gwaji, na antijen da ake ɗauka ta hanci shi ke neman ƙwayar kanta, a yi shi ranar taron, a tabbatar da gwajin PCR na ɗakin bincike idan an yi shakka. Ku sanar tun da wuri cewa mai zazzaɓi ko tari ya zauna gida, kuma muna fata Allah ya ba shi ladan niyyarsa. Wanda aka mayar, a gaya masa a keɓe, a rufa masa asiri. Idan hukuma ta ce a ɗage taron, wajibi ne a bi.

Wallahu a'alam.