Amsa ga mai tambaya kan kambas da zarga igiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ka yi tambaya daren jiya, ka ce wata biyu ke nan da saukarka Agege ta Legas daga Funtuwa, ka sayi farin kambas Air Force 1 a Yaba, kana so a koya maka zarga igiya irin wadda kake gani a hotuna, kuma ko ya dace ka sa shi da kaftani. Na ga amsoshin da aka ba ka duk gajeru ne, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ka tawa. Shekara tara na yi ina kasa takalman gwanjo a kasuwar Katangua ta Abule-Egba, kuma har yau kambas ne a ƙafata.

Kafin ka zaɓi salo, ƙirga sau nawa kake cire takalmi a yini. Salla biyar, ga alwala, ga shiga ɗakin mutane, ga hawa tabarmar majalisa bayan isha'i. Waɗanda kake gani a hotunan nan da safe suke ɗaurewa, sai dare su kwance. Mu ba haka rayuwarmu take ba. Ka tsaya ƙofar masallaci ranar Juma'a in an sallame, ka ga yadda samari ke cusa ƙafa suna take bayan takalmi saboda ana turo su daga baya, igiya kuma ta ƙi saki. Akwai wani abu mai tauri da ake sakawa a cikin dunduniyar kambas, shi ke riƙe siffarsa. Da zarar ya karye shi ke nan, babu shushainan da zai tayar da shi. Wallahi abin yana yi mini ciwo, yaro ya tara kuɗin wata guda ya sayi takalmi, cikin sati shida ya mayar da shi silifas.

Don haka salon da nake ba kowa shawara shi ne na layi-layi, wanda igiyar ke kwanciya a miƙe babu gicciye. Ga yadda ake yi. Zura bakin igiyar biyu ta saman hudojin farko na wajen yatsu, su shige ciki, ka daidaita tsawonsu. Ɗauki na hagu, ka bi da shi ta ciki ya fito a huda ta biyu ta hagun, ka tsallaka da shi a miƙe ya shiga ta biyu ta dama. Na dama kuma ya bi ta ciki, ya tsallake huda ɗaya, ya fito a ta uku ta dama, ya ƙetara ya shiga ta uku ta hagu. Daga nan kowanne tsallake ɗaya zai riƙa yi a gefen da ya faɗa, ya fito, ya ƙetara, har ka kai sama. Ka riƙa shafa igiyar da babban yatsa kada ta murɗe, don murɗa ɗaya tana ɓata kyan duka.

Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne salon nan yana cika daidai ne in hudojin gefe guda shida ne ko takwas. In biyar ne ko bakwai, bakin biyu za su ƙare a gefe ɗaya, ka yi ta kwancewa kana zaton kai ka yi kuskure. Sai ka bar hudar ƙarshe ta sama ba ka zarga ba, magana ta ƙare.

In ka kai sama, sa ƙafarka a ciki tukuna, ka sassauta har yatsa ɗaya ya iya shiga ƙarƙashin harshen takalmin. Sannan ka yi ɗan ƙulli a kowane baki ta ciki, ka tura ragowar a gefe, ba ƙarƙashin tafin ƙafa ba. Ka samu sau-ciki ke nan, ga kyau ga sauƙin cirewa. Amma ranar da ka san za ka yi doguwar tafiya ko gudun kama danfo, bas ɗin hayar Legas, a Oshodi, fito da igiyar ka ɗaure sosai. Kuma kada ka yarda da yayin barin igiya tana jan ƙasa, ruwan kwatar Legas ba ya fita daga farar igiya.

Akwai salon tsani, yana da kyau ƙwarai a kan mai dogon wuya irin Converse All Star, sai dai yana cin igiya kuma yana kame ƙafa, kwance shi aiki ne. Na kala biyu mai kama da saƙar tabarma kuwa na fi son ganinsa a ƙafar yara.

In igiyarka tana yawan kwancewa, duba ɗaurin. Idan kunnuwan biyu sun kwanta a tsaye, ɗaya na kallon yatsu ɗaya na kallon ƙauri, ɗaurin ne bai zauna ba. Juya ƙullin farko, wanda kake ɗorawa sama ya koma ƙasa, za ka ga kunnuwan sun kwanta hagu da dama, kuma zai wuni bai saki ba. Igiya mai faɗi ta auduga ta fi mulmulalliya mai santsi riƙo. Mai huda shida yana son kusan santimita 115, mai takwas kusan 140.

Batun kaftani, eh ana sawa, kuma yana kyau in an kula da wando. Ka ce wa telanka ya tsuke ƙafar, ta tsaya daidai idon sawu, kada ta taru a kan takalmin. Air Force 1 tun 1982 aka yi shi don ƙwallon kwando, shi ya sa ƙasansa ke da kauri, ya fi dacewa da kaftani mai tsayawa a gwiwa ko jins da riga marar hayaniya. Dogon yadi mai laushi ya fi son siriri irin Stan Smith ko Samba. Da babbar riga dai ban yarda ba, ko wa ya sa. Ita tana da nata takalmin.

Sai kula da shi, don farin takalmi a garin nan yana son haƙuri, musamman watan Yuni da Yuli da ake tafka ruwan sama. Kada bilic ya taɓa shi, rawaya zai koma. Zare igiyar ka jiƙa ta daban, ka goge jikin da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu kaɗan, ka cusa farar takarda a ciki, ka shanya a inuwa inda iska ke bi. Safa kuma kullum sabuwar wankewa, saboda zufar nan da masallaci.

In za ka ƙara saye, kada sabuntar sama ta ruɗe ka. Na taɓa karɓar wani a hannun wani mai dila, fes da shi, ko ƙasa bai taɓa takawa ba. Kwana na uku ina kan gadar ƙafa sai na ji ina taka wani abu kamar garin kwaki, ashe soson ƙasan ne ke marmashewa. Wani irin soso ne da danshi ke ci in ya daɗe a ajiye, Legas kuwa danshi ba ya ƙarewa. Tun ranar nake lanƙwasa takalmi in danna ƙasansa da farce kafin in biya, in ya tsage ko ya yi gari in ajiye musu kayansu.

Ka ƙirga hudojin naka ka turo hotonsa daga sama, in ga ko igiyar da ta zo da shi za ta isa.