Me ya sa hukuma ta kafa wa kwarin inabi iyaka?

Ɗana, tambaya biyu ka haɗa mini. Ka ce ka ji ana cewa gwamnati ta amince da kwarin Douro na ƙasar Fotugal a matsayin yankin inabi na musamman, kana son sanin amfanin hakan tunda inabi ai inabi ne. Ka kuma ce in ka samo reshen kurangarsu ka dasa a gonarmu, me zai hana ka girbi irin nasu. Mu dai inabin ci muke nomawa, su kuwa nasu na matsar giya ne, abin da ba sana'armu ba ce. Amma kuranga ɗaya ce, kuma sun san ƙasarsu sanin da ya kamata ka tsaya ka saurara.

Algus ne ya haifi iyakar nan. A 1703 Ingila da Fotugal suka ƙulla yarjejeniyar da ta sa harajin giyar Fotugal ya yi ƙasa da na Faransa, sai Turawan Ingila suka yi dafifi a birnin Porto suna saye. Kasuwa ta buɗe, kwaɗayi ya shigo. Wani ya sayo giyar banza daga wani yanki ya gauraya, wani ya zuba sukari, wani ya matse 'ya'yan wata bishiya masu baƙin ruwa ya tsiyaya a ciki don launi ya yi duhu. Masu saye suka farga, farashi ya faɗi warwas, mai gaskiya da maƙaryaci suka yi asara tare.

A 1756 babban ministan Sarki José na ɗaya, wanda aka fi sani da Pombal, ya kafa kamfani da ikon sarauta ya damƙa masa kwarin. Aka bi gona gona ana dubawa, aka kakkafa turakun dutse 335 a kan iyakar gonakin da aka yarda a fitar da giyarsu waje. Abin da ya rage a bayan turke na shan gida ne, farashinsa daban. Aka ba da umarni a tumɓuke bishiyar rinin nan. Har taki aka hana zuba wa gonakin, don kada kuranga ta yi 'ya'ya barkatai masu ruwa-ruwa. Ka ga ke nan tun ranar farko takardar da ta kare sunan manomi ita ce ta ɗaure masa hannu. Ba kowa ya so ba: a 1757 mutanen Porto sun yi bore, aka rataye wasu. Shi Pombal ɗin ma ya bari ana shigo da giyar gonarsa ta kusa da Lisbon ana haɗawa. Mai doka ke nan.

To me turakun suka kewaye? Nan ne amsar tambayarka ta biyu.

Kogin Douro daga Sipaniya yake tasowa ya faɗa teku a Porto, amma gonakin suna can ciki, bayan duwatsun Marão. Duwatsun nan su ke tare ruwan da ke tasowa daga teku. Porto tana shan ruwa fiye da milimita 1,000 a shekara, amma in ka nausa gabas har bakin iyakar Sipaniya da kyar ake samun 400. Hunturu da sanyi mai shiga ƙashi, bazara kuma zafi yakan wuce digiri 40. Shi ya sa aka raba yankin uku: Baixo Corgo a yamma mai ɗan danshi da yabanya mai yawa, Cima Corgo a tsakiya wajen garin Pinhão inda fitattun gonaki suke, sai Douro Superior a gabas mai ƙarancin ruwa.

Ƙasar kuwa, in ka gan ta za ka ce ba a noma a nan. Dutse ne mai falle-falle, kuma a wurare da dama fallayen a tsaye suke, ba a kwance ba. Saiwa takan bi tsagar ta nutsa mita da yawa har ta tarar da danshin da ruwan hunturu ya bari, da shi take rayuwa duk tsawon bazara. Da rana dutsen ya sha zafi, da dare ya mayar wa kuranga. Ƙasar noman ma mutane ne suka yi ta: suka farfasa dutse da hannu, suka gina katangu ba siminti, hawa bisa hawa a jikin gangara. Kurangar da ta sha irin wannan wuya 'ya'yanta ƙanana ne, fata mai kauri, zaƙi a dunƙule. Ka ɗauko reshen Touriga Nacional, iri mafi suna a wurinsu, ka dasa a ƙasa mai taushi kana ba shi ruwa da taki, zai yi maka ganye har ka gaji da aski, amma ɗan da zai ba ka wani ɗa ne daban. Ƙari a kan haka, tasu kurangar sanyin hunturu ke sa ta barci, tamu kuwa sai mun datse ta mun janye ruwa kafin ta huta.

Ko saiwar da ke ƙarƙashin kurangarsu a yau ba tasu ba ce ta asali. Wajen shekarun 1860 zuwa 1870 wani ƙwaro mai cin saiwa da ya zo daga Amurka ya cinye gonakin, har yau akwai katangun da aka watsar tun lokacin. Abin da ya cece su aure ne, irin wanda na koya maka a kan mangwaro: gindi ɗan Amurka mai jure ƙwaron, kai ɗan gida.

Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne ba su tsaya a kan cewa wannan ciki ne wancan waje ne ba. Tun ƙarshen shekarun 1940 kowace gona ana ba ta maki. Ana duba tsayin wurin da take, irin dutsenta, tsananin gangara, inda ta fuskanta, irin da aka dasa, shekarun kuranga, da yawan abin da take bayarwa, kuma yawan nan rage maki yake yi. Gonar da ta hau tudu sosai ita ma tana rasa maki, don can sanyi ya fi, inabi ba ya nuna da kyau. A ƙarshe a ba gona harafi, daga A mai daraja zuwa I, amma A zuwa F ne kawai ke samun rabo. Kowace shekara hukumar da ke kula da giyar Douro da Porto, mai mazauni a garin Régua, takan yanke yawan giyar Porto da za a yi, wato giyar kwarin mai ƙarfi da ta ɗauki sunan birnin, ta raba wa gonaki gwargwadon harafinsu. Maƙwabta biyu, rafi ɗaya a tsakani, rabon wannan ya ninka na wancan.

A 2001 UNESCO ta sa hekta 24,600 na kwarin cikin kayan tarihin duniya. Wannan yabon aikin katangu ne, ba shi ke tsare kasuwa ba. Rajistar gonaki da masu ɗanɗanawa da hatimin kwalba su ke tsare ta. Irin wannan rajista ta iso mu ma: hukumar OAPI da ke Yawunde, mai kare haƙƙin mallakar suna da fasaha a wasu ƙasashen Afirka, ta yi wa masoron Penja na Kamaru a 2013, daga baya albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu.

Sai dai kada ka ɗauka kowa a kwarin yana dariya. Yawancin manoman ƙanana ne, gona hekta ɗaya ko biyu a gangarar da tarakta ba ta hawa. Inabin da ya shiga rabon Porto yana da kuɗi, wanda ya rage kuwa sau da yawa ana sayensa ƙasa da abin da aka kashe wajen nomansa. Duk shekarar da hukuma ta rage rabo saboda kasuwa ta ja baya, ƙaramin manomi ne ke fara ji a jikinsa, manyan kamfanoni kuma suna da rumbun da za su jira.