Hita ba ta mutuwa a daren da aka zuba kankare

Ka tambaye ni, wai tunda kankare yana fitar da zafin kansa idan yana kamawa, don me muke ƙona dizal dare da rana a ƙarƙashin tamfol. Yaro, a Arewacin Kanada, inda sanyi ke kai digiri 30 ƙasa da sifili, zafin nan nasa ba ya kai ko'ina. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ya daskare a cikin kankare kafin ƙarfinsa ya kai megafaskal 3.5 (ma'aunin ƙarfin kankare ke nan), to kankaren yana iya rasa rabin ƙarfinsa, kuma ba ya dawowa.

Wani ɗan kwangila ya jawo asarar da har yau take ci mini tuwo a ƙwarya. Da yamma aka zuba kankaren kan ginshiƙin gada, rodi daidai, katako a ɗaure tamau. Cikin dare ya sa aka kashe hita biyu ta gefen da iska ke bugawa, wai dizal ya yi tsada tunda ta hanyar ƙanƙara ake kawo shi, wato hanyar mota da ake yi a kan ƙanƙara lokacin hunturu. Da safe ya taɓa saman, ya ji tauri, ya ce ai ya kama. Ƙanƙara ce ta kama, ba siminti ba. Ranar da aka cire katako, kusurwar ta riƙa marmashewa a hannu, tsakuwa na zubowa, rodi a waje. Dole aka fasa shi duka. Simintin da ke ƙasa bai isa a sake ba, hanyar ta narke kafin a kawo wani, aiki ya tsaya sai hunturun gaba. Saboda dizal na dare ɗaya!

Share ƙanƙara daga rodi da katako kuwa, ba sai na faɗa maka ba.

Ka riƙe kankaren a digiri 10 aƙalla kwana 3. Ma'aunin zafi a kusurwa ake sa shi, can sanyi ke fara shiga, amma ku yaran yanzu sai ku duba waya ku ce komai lafiya. Ruwan zafi ya fara haɗuwa da yashi da tsakuwa kafin siminti ya shiga, in ba haka ba ya dunƙule. Hayaƙin hita ka fitar da shi waje, don yana mayar da saman kankare gari. In kwanakin sun cika, ka rage wuta kaɗan-kaɗan. Ka yaye tamfol lokaci guda, kankaren zai tsattsage.